Keken giya: ƙirga haƙora kafin ka ƙirga kuɗi

A kasuwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram, kekunan hannu da ake kawowa daga Turai sun zauna da gindinsu. Wanda ya fi jan hankalin ɗalibai da ƙananan ma'aikata shi ne ruwa-biyu: ba na tsere ba, ba na hawan dutse ba, yana bin kwalta yana bin jar ƙasa. Na daɗe ina hawan irinsa, kuma abin da nake gani shi ne mai saye yakan duba fenti da taya, ya tambayi yawan giya, ya biya. Haƙoran da za su ci gwiwarsa da aljihunsa kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Lissafin ba wuya. Galibin kekunan nan suna da faranti uku a gaba, masu haƙora 48, 38 da 28, a baya kuma daga 14 zuwa 28. Tayarsu tana cin kusan mita 2.15 a juyi ɗaya. Raba haƙoran gaba da na baya, ka ninka da wannan. Sarƙa a kan 48 da 14, juyin feda ɗaya zai kai ka mita 7.4. A kan 38 da 18, mita 4.5. A kan 28 da 28, mita 2.15 kacal, amma ƙafa ba ta jin nauyi.

To wanne ne naka? Mai juya feda sau 80 a minti a kan 38 da 18 yana gudun kusan kilomita 22 a awa, kuma a cikin gari ai wannan ya isa. Babban farantin sai ka doshi kilomita 35 yake nuna amfaninsa. Tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke, ina za ka samu wannan filin? Ƙaramin kuwa shi ne abokin ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ya tsallako gadar Kennedy daga Harobanda zai hau tudu ya shiga gari, da mai ɗauko jarkar ruwa a hanyar rairayi.

Shi ya sa ni nake cewa, mai zirga-zirga a shimfiɗaɗɗen gari faranti ɗaya mai haƙora 38 zuwa 42 ya wadatar da shi, in dai na baya ya kai 32 ko 34. Mai tudu ko mai kaya kada ya yarda a cire masa ƙaramin faranti don wai ya cika rigima. Tura giya mai nauyi kullum da ƙarfin tsiya, gwiwa ce ke biyan bashin.

Akwai kuma maganar kayan gyara. Keke mai haƙora jeri 6, 7 ko 8 a baya sarƙa iri ɗaya suke sha, kuma ita ta fi sauƙin samu wajen masu gyara. Daga jeri 9 zuwa sama sarƙar siririya ce, ta fi tsada. Ran da ta tsinke, keken Shimano mai sheƙi zai iya kwana a zaure wata guda.

Kafin ka miƙa jikkunanka, ja sarƙar daga gaban babban faranti. In ta ɗago har ka hango haƙori, ta buɗe. In haƙoran sun yi tsini kamar ƙaya, su ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai a sauya duka. Wannan kuɗin a cire shi daga farashi tun a wurin ciniki.

Bayan saye, kada ka haɗa babba da babba ko ƙarami da ƙarami, sarƙa karkacewa take yi ta ci kanta. Baƙin mai ma a rage labta shi, musamman da hunturu: ƙura yake tarawa ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Goge da tsumma, ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa.