Abin da ke kashe injin tsohuwar motar soja a hanyoyin Maiduguri

A Maiduguri, mutuwar mota a hanya ba ƙaramin al'amari ba ne. Direban da injinsa ya ɗauke a hanyar Damaturu, ko ta Monguno, ko ta Dikwa, ya san bai kamata duhu ya riske shi a daji ba, saboda matsalar tsaron da ta addabi jihar Borno tun shekarar 2009. Wannan fargaba ta fi damun masu tsofaffin motocin da suka taɓa yi wa soja aiki kafin a yi gwanjonsu, irin su Land Rover Series III, wadda aka ƙera tsakanin 1971 da 1985, da manyan motocin Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi.

Koken masu su kusan iri ɗaya ne: mota ta tashi lafiya da safe, sai rana ta take ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, daga nan ta mutu. Bayan ta huce sai ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. Da yawa kan yi gaggawar cewa injin ya gama yayi, alhali galibi laifin yana cikin abu uku: mai, wuta, ko iska.

Daga mai ake farawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Famfon man Land Rover mai amfani da fetur a jikin injin yake, don haka idan zafi ya yi yawa fetur kan zama tururi a cikin bututu, famfon ya kasa tura shi zuwa kafireto. Idan aka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon kuma motar ta tashi, an gano cutar. Maganinta shi ne a nisanta bututun daga salansa, a kuma kare shi daga zafi.

Murfin tanki ma yana da 'yar kafar shan iska. Idan ƙura ta toshe ta, mai ba ya sauka. Wanda ya buɗe murfin ya ji iska ta shige da ƙarfi, ya samu amsarsa ba tare da ya kwance komai ba. Sai kuma ruwa da tsatsa. Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shanye motoci da dama a birnin. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka a gindin tanki yake kwanciya. Ɗan kofin gilashin da ke jikin famfon man yana nuna shi ƙarara, tare da duk wani datti.

Idan mai yana zuwa yadda ya kamata, sai a koma ga wuta. Kwayil da kondansa da suka tsufa sukan yi aiki da sanyi, su gaza idan sun ɗauki zafi, wato alamarsu ɗaya da ta tururin fetur. Abin da ke raba gardama shi ne a gwada tartsatsin filogi nan take bayan motar ta mutu, tun ba ta huce ba. Tazarar bakin kwantak kuma kada ta wuce milimita 0.35 zuwa 0.40. A nan akwai tarko: motocin soja da aka tanada don ɗaukar rediyo da wuta mai ƙarfin bolt 24 suke aiki, ba 12 ba, kuma kayan wutarsu daban ne. Bakaniken da ya sa musu na farar hula zai ƙara wa Borno dawaki ne kawai.

Na uku ita ce iska. Matatar iskar waɗannan motoci da baƙin mai take kama ƙura. A lokacin hunturu man kan zama taɓo, injin ya shaƙe, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya faɗi. Wanke matatar da zuba sabon mai daidai layin da aka shata ya wadatar.

Masu injin dizal ba su da filogi ko kwayil. Babban abokin gabarsu shi ne iskar da ke shiga bututun mai ta wurin tsagaggen tiyo ko sakakken noti. Akan sassauta notin da ke kan matatar mai, a riƙa buga famfon hannu har kumfa ta ƙare, sannan a nemo inda iskar ke shiga, in ba haka ba matsalar za ta dawo.

Sai an gama waɗannan gwaje-gwaje ne ya kamata a auna matsin silinda, a duba bawul, a fara zancen sauke injin. Kafin nan, direban da zai fita daga Maiduguri da irin wannan mota ya fi samun kwanciyar hankali idan yana ɗauke da kondansa, da kwayil, da matatar mai, da ɗan guntun tiyo a akwatin kayan aikinsa, ya kuma kama hanya da sassafe, kafin rana ta yi zafi.