Ta Hannun Mai Masauki Ake Shiga Potiskum

Yawancin masu bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ta tagar mota suka san Potiskum. A tsaya a sha mai, a yi salla, a sayi tsire, sai a miƙe zuwa Damaturu. Amma garin da suke ratsawa hedkwatar masarauta ce tun kafin a yi mafarkin jihar Yobe, wadda sai a 1991 aka cire ta daga Borno. A 1924 Turawan mulkin mallaka suka ɗauko fadar Moi, sarkin Bolawa, daga garin Fika suka kawo ta nan, cikin ƙasar Ngizimawa da Karekare, saboda nan ne bakin hanya. Tun daga lokacin garin ya zama mahaɗar mutanen da ba harshensu ɗaya ba, Hausa ta zama bakin kasuwa, kuma al'adar da ta riƙe zamansu ita ce kowane baƙo yana da wanda zai amsa sunansa. Duk mai son ya san Potiskum, ta wannan ƙofa zai bi.

A kasuwar shanu, wato kara, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, nan abin ya fi fitowa fili. Bafulatanin da ya koro bajimai daga daji da ɗan kasuwar da ya zo da tirela daga Kudu ba su san juna ba, ba kuma lallai su sake haɗuwa ba. Abin da ke tsakaninsu shi ne fatoma da dillali. Fatoma ke saukar da baƙo, ya ba shi ruwa da tabarma da tuwon dare, ya adana masa kuɗinsa. Gari na wayewa dillali zai shiga gaba, ya dafa tozon sa, ya buɗe bakinsa a ga haƙora, mai saye ya taya, mai dabba ya kau da kai ya ce "albarka", a yi ta ja har a ji "na sallama". La'adar da ake biya daga nan kuɗin shaida ne. In gobe aka ce san nan na sata ne, ba baƙon da ya riga ya kai Legas za a nema ba, wanda ya saukar da shi za a kama. Shi ya sa fatoma ba ya karɓar mutum sai ya tambayi garinsu da wanda ya turo shi, kuma baƙo mai hankali ba ya jin haushin tambayar.

Haka abin yake a fada. Ba a faɗa wa zauren Mai Martaba Sarkin Fika, Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa, wanda ya hau gadon a 2009 kuma yake shugabantar majalisar sarakunan Yobe, kamar an shiga ofis. Sai wani ya yi wa mutum iso, ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa ya kwashi gaisuwa. Ɗan gari ne kuma zai raɗa wa baƙo cewa fada biyu ce a garin, domin akwai ta Mai Potiskum, sarkin Ngizimawa, kuma zancen wa ya riga wa zama ba na baƙo ba ne. Wanda ya ji kowa na Hausa ya ɗauka a Kano yake, nan take zai yi katoɓara.

Wani zai ce wannan tsohon yayi ne, tunda yanzu ga otal, ga waya, ga tura kuɗi ta banki. Gaskiya ne otal ya rage wa fatoma aikin ba da ɗaki. Sai dai banki kuɗi kawai yake kaiwa, ba ya shaidar halin mutum ko asalin saniya, kuma har yau bashin da ake bi a kara da baki ake ƙulla shi. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro: bayan harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayun 2012 da hare-haren da suka biyo baya, wa zai buɗe wa baƙuwar fuska zaure? Lallai an shiga ɗar-ɗar, ba a musu. Amma abin da shekarun nan suka yi shi ne ƙara wa al'adar ƙarfi, domin tambayar "baƙon wa ne?" ta tashi daga ladabi ta koma wajibi, har mai unguwa ma yana son ya ji amsarta.

Mai niyyar zuwa, to ya nemi mai masauki tun kafin ya hau mota, ya riƙe 'yar tsarabarsa a hannu, kada kuma ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa a kara sai ya nemi izini.