Duba darasin malami a kwaleji: me ake dubawa, kuma don me?

Da yawa daga cikin ƴaƴanmu suna kwalejojin franko-arab, wasunku kuma da ke madarasa yau, gobe ku ne za ku riƙe alli. Shi ya sa ya dace mu yi bayani a kan wani aiki da ake yi a kwaleji wanda ba kowa ya fahimce shi ba, wato wani ya shigo aji ya zauna a baya yana duban yadda malami ke ba da darasi.

A nan Nijar wannan duba iri biyu ne. Akwai na sufeton makarantu, wanda yake ba malami maki ya rubuta rahoto. Akwai kuma na mai ba da shawara kan koyarwa, ko na abokin aiki da suke koyar da fanni ɗaya, shi nasa gyara ne kawai. Babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai tana horar da sufetoci da masu ba da shawarar. Haɗa iri biyun nan wuri guda shi ke sa malami ya tsorata, ya shirya darasin ado na rana ɗaya, baƙo na fita a koma gidan jiya.

To, yaya ake yin na gyaran? Matakai uku ne.

Na farko, zama kafin darasi. Malami zai faɗi abin da yake so yara su iya a ƙarshen awa. Misali a nahawu: yaro ya iya ware mubtada'i da habari a cikin jumlar da bai taɓa gani ba. A nan ake yarjejeniya a kan abu ɗaya ko biyu da za a sa wa ido, don wanda ya ce zai duba komai ba zai ga komai da kyau ba.

Na biyu, zaman aji. Mai dubawa ba ya katse malami, ba ya gyara masa a gaban yara. Rubutu yake yi na abin da ya faru: minti nawa malami ya yi yana magana, yara nawa aka tambaya, ƴan gaba ne kaɗai ko har da ƴan baya, ƴan mata sun samu baki ko kuwa. Yakan leƙa littattafan yara ya ga me suka rubuta. Kun ga ashe idonsa ya fi zama a kan ɗalibai, domin aji yakan amsa «mun gane» baki ɗaya, ya rera ƙa'ida da ka, amma a ba yaro sabuwar jumla ya tsaya cik.

Ga misalin abin da irin wannan lura ta gano. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari darussa masu yawa da aka naɗa, ta bayyana a 1972 cewa malamai sukan jira kamar sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka ƙara jiran ya kai sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su cika magana ba suka fara ɗaga hannu. Malami yana cikin aiki ba zai iya auna wannan da kansa ba, sai wani ya ƙirga masa.

Na uku, zama bayan darasi, su biyu kaɗai, kuma tun abin bai huce ba. Malami ne zai fara magana: ina ya ga ya yi daidai, ina ya ga yara sun ɓace masa. Sannan mai dubawa ya kawo abin da ya rubuta. «Malam, cikin tambayoyi goma, takwas sun tafi layin gaba» ya fi amfani a kan «ba ka kula da aji». Na farko ana iya gyara shi gobe da safe, na biyu ɓacin rai kawai zai haifar. A rabu a kan gyara ɗaya, a sa ranar dawowa a ga ko ya kama.

Amanar da ke kan mai dubawa ita ce abin da ya gani kada ya zama hirar majalisa. Shi ma ya buɗe ƙofar ajinsa a duba shi, ai laifi tudu ne. Malami kuma ya sani gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan aka bar aji a rufe shekara guda, sai ranar jarrabawar BEPC a gane ɓarakar, lokacin kuwa yaro ya riga ya yi asarar shekararsa.

Ku ɗalibai, ranar da kuka ga baƙo a bayan aji, ku zauna yadda kuka saba. Wanda bai gane ba ya ce bai gane ba, wannan shi ne taimakon da za ku yi wa malaminku da kanku. Malaman madarasarmu ma babu abin da zai hana biyu-biyu su riƙa zama a ajin juna, ko da sau ɗaya ne a wata.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.