Ƙarin jini na barin ƙarfe a jiki: ga yadda ake shan maganinsa lafiya

Duk gidan da ke da mai amosanin jini, cutar da muke ce wa emasi, maƙwabtanmu na Najeriya kuma sikila, an san darajar ledar jini. In damina ta sauka, masassarar cizon sauro ta yi ƙamari, iyaye daga Ƙonni, Malbaza da Illela kan kwana a ƙofar asibiti suna neman wanda jininsa ya dace da na ɗansu. Ledar nan ta ceci rayuka da yawa. Sai dai kowace leda tana barin ƙarfe a jikin wanda aka ƙara wa, kuma in ƙarin ya yawaita, ƙarfen yakan taru ya zama wani ciwo na dabam. Akwai maganinsa, amma magani ne da ake sha da awo, kuma sanin ranar dakatar da shi yana daidai da sanin ranar fara shi.

Ina ƙarfen yake fitowa?

Jan da ke cikin jini na ƙarfe ne. Babban mutum yana da kamar giram 3 zuwa 4 a jikinsa gaba ɗaya. Abin da jiki ke zubarwa a yini bai wuce miligiram 1 ko 2 ba, shi ma abinci yana mayar da shi. Ledar jini ɗaya kuwa tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250, kuma jiki ba shi da ƙofar fitar da rarar. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan da nan: leda 20 ta kai giram 4, wato ƙarfen mutum guda cur aka ɗora bisa na asali. Yaron da ake ƙara wa jini wata-wata zai kai wannan adadi kafin shekara 2.

Rarar takan fara kwantawa a hanta, daga baya ta iya kaiwa zuciya da sassan da ke kula da sukarin jini da girman yaro da balagarsa. Shekaru na iya wucewa ba zafi ba kumburi. In alamu suka fito, hanta ta taurare, ko ciwon sukari ya shigo, ko zuciya ta raunana, to ɓarna ta riga ta yi nisa.

Wannan ba dalili ba ne na ƙin karɓar jini. A 1998 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 cikin 100 ga yara masu emasi da ke cikin haɗarinta. In likita ya ce a ƙara, a ƙara. Abin da ake so shi ne a riƙa ƙidaya.

Awo kafin magani

Aikin farko na uban yaro ne da uwarsa: kowace leda a rubuta ta a karnen asibiti, da ranarta da wurin da aka ƙara. Mutanenmu masu tafiya ne. A ƙara a Ƙonni, baɗi a Galmi, wata rana a Sakkwato, kuma ba likitan da ya san jimillar in ba an nuna masa ba.

In an kai leda 10 zuwa 20, ana yin awon jini mai suna feritin. Galibi likitoci kan fara tunanin magani in ya wuce 1000 kuma ya tsaya can a awo fiye da ɗaya. Feritin yakan hau ko ba ƙarfe, in akwai masassara ko ciwon ƙashi ya tashi, don haka ana yin awon lokacin da mutum ke cikin sauƙi. Kafin ƙwayar farko ana duba ƙoda da hanta, da ido da kunne, a kuma ɗora mutum kan sikeli, domin yawan maganin yana bin nauyin jiki ne. Wanda aka ƙara wa jini sau 2 ko 3 a rayuwarsa galibi ba ya bukatar wannan magani.

Magunguna uku

Na farko shi ne deferoxamine, wanda aka fi sani da Desferal. Tun shekarun 1960 ake amfani da shi. Allura ce da ɗan inji ke turawa ƙarƙashin fata sannu a hankali, awa 8 zuwa 12, dare 5 zuwa 7 a mako. Fitsari yakan yi ja, alamar ƙarfe na fita. In ya yi yawa yana taɓa ji da gani da girman yaro.

Na biyu deferiprone, ƙwaya ko ruwa, yawanci sau 3 a yini. Turai ta amince da shi a 1999. Haɗarinsa shi ne, ga mutum 1 ko 2 cikin 100, yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. Shi ya sa ake awon jini mako-mako, kuma duk mai shansa da ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro zai ajiye shi nan take ya nufi asibiti a ranar.

Na uku deferasirox, wanda ya fito a 2005 da sunan Exjade. Sau ɗaya ake sha a yini, ana ba yara daga shekara 2, kuma shi ne mafi sauƙin ɗauka ga wanda ke nesa da babban asibiti. Ƙoda da hanta da ciki su ne wuraren da yake iya cutarwa. Ana awon ƙoda da hanta kowane wata, a watan farko ma fiye da haka, ido da kunne kuma shekara-shekara.

Suna ɗaya, ƙwaya biyu

Ga inda ya kamata masu zuwa Sakkwato da Kano su buɗe ido, domin su ake yawan aike. Deferasirox iri biyu ne. Akwai mai narkewa, na miligiram 125, 250 da 500: ana jefa shi cikin ruwa ko ruwan lemo a motsa har ya narke, a sha ciki ba komai, a jira minti 30 kafin a ci abinci. Ba a tauna shi, ba a haɗiye shi ɗungum, ba a narka shi a madara ko lemun kwalba. Akwai kuma na haɗiya, wanda ya fito a 2015, na miligiram 90, 180 da 360. A Amurka sunansa Jadenu, a Turai kuwa sunan Exjade ɗin aka bar masa, ga kuma kamfanonin Indiya suna yin duka biyun da sunaye iri-iri.

Na haɗiya ya fi shiga jini, saboda haka 360 ɗinsa yana daidai da 500 na mai narkewa. A ce yaro mai kilo 25 likita ya rubuta masa 500 na mai narkewa. Ɗan aike bai samu ba, ya sayo na haɗiya, a gida aka haɗa 360 da 180 don a kusanci 500. Yaron nan kullum yana shan adadinsa da rabi, ƙodarsa ce za ta biya. In kwalin da aka kawo ya bambanta da na da, a kai wa likita ko mai farmasi ya gani kafin a ɓare shi. Irin wannan magani mai tsada ba a sayensa a faranti ko a bakin tasha cikin rana. Araha ba ta ado.

Ranar da ake dakatawa

Mai shan deferasirox, musamman yaro, in ya kamu da amai, ko zawo, ko zazzaɓi, ko ya daina cin abinci da shan ruwa, a ajiye maganin a je asibiti. Jikin da ruwa ya ƙare masa ƙodarsa ba ta iya ɗaukar wannan magani. Ƙarfen da ya yi shekaru yana taruwa ba zai yi ɓarna don hutun kwana 3 ko 4 ba, ƙoda kuwa tana iya lalacewa cikin waɗannan kwanaki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai maƙura a ƙasar Ƙonni, a ƙara yawan ruwan sha. Mai niyyar azumi ya fara shawara da likitansa.

Haka nan a dakata a nemi likita in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko aka yi aman jini, ko fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko ido ya fi yadda aka saba rawaya, ko ƙuraje suka feso, ko ji da gani suka ragu. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun da wuri, domin ana tsayar da ƙwayoyin nan a lokacin. In an manta da shan yini ɗaya, ba a ninkawa washegari. In kuma feritin ya sauka ƙasa da 500, likita kan tsayar da maganin, don ci gaba da shi bayan ƙarfe ya ragu cuta ce.

Abin da ba a haɗawa da shi

Na farko, maganin ƙara jini na kwalba da jar ƙwayar da ake ba masu ciki. Duk ƙarfe ne a ciki. Kakar da ta ga jikanta ya yi fari ta sayo masa kwalba don ƙauna, amma tana zuba ruwa ne a ɗakin da ake kwarfewa. Asid folik zalla da ake ba masu emasi ba shi da ƙarfe; a karanta kwali, kada a ɗauko wanda aka gauraya.

Na biyu, magungunan ciwo irin su diklofenak, ibuprofen da aspirin, waɗanda masu emasi suka saba da su. Tare da deferasirox suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki da wahalar ƙoda. A nemi likita ya tsara abin da za a sha in ciwo ya tashi. Na uku, maganin ƙwannafi mai sinadarin alminiyom, irin Maalox. Jiƙe-jiƙen gargajiya da bitamin C su ma kada a ɓoye wa likita.

Ina za a nufa?

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini, CNRD, nisan kilomita 400 da ɗoriya daga Ƙonni. Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, ba ta kai kilomita 100 ba. Kusa da gida akwai asibitin gundumar Ƙonni, da na Galmi wanda ke aiki tun 1950, da babban asibitin jaha a Tawa. A tambayi likitan da ke bin yaron inda za a yi awon feritin da wanda za a iya yi nan kusa kowane wata. A kuma yi lissafin kuɗin awo tare da kuɗin ƙwaya tun farko. Wanda ya sayi kwali bai tanadi kuɗin awo ba, rabin magani ya saya.

Wata tambaya da ta cancanci a yi wa likita ita ce ko za a iya rage ƙarin jinin kansa. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa ƙwayar hidroksiyuriya tana kare yara masu emasi daga shanyewar ɓarin jiki a wuraren da ƙarin jini wata-wata ke da wuya. Ledar da ba a ƙara ba, ba ta barin ƙarfe.

Saboda haka, ya ku iyaye, a ɗauko karne yau a ƙidaya ledojin da aka ƙara. In sun kai 10, a ambata wa likita a zuwa na gaba, kada a jira sai ciwo ya yi magana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.