Mita Nawa Ne Tsakanin Birki da Haɗari?

Mai keke da ke gudun kilomita 20 a awa yana cin mita 5.6 a kowace daƙiƙa. Idan akuya ta gitta masa, daƙiƙa ɗayan da zai yi kafin hannunsa ya matse birki ta riga ta cinye waɗannan mitoci. Abin da ya rage kuma aikin birki ne.

A busasshiyar kwalta, lafiyayyen birkin gaba na tsayar da keken nan a cikin kusan mita 3. Birkin baya shi kaɗai sai ya kai kusan mita 6, saboda da zarar an matse, nauyin mutum da na kaya kan koma gaba, tayar baya ta yi sako-sako ta fara zamiya. Ga shi kuwa kekuna da yawa a kasuwanninmu birkin gabansu ya daɗe da mutuwa, an bar shi haka.

Gudu ma yana da nasa lissafin. Daga kilomita 20 zuwa 30, tazarar tsayawa da birkin gaba kan tashi daga mita 3 zuwa 7. Idan aka ninka gudu, tazarar sai ta ninka sau huɗu. Dokar Amurka ta sharɗanta wa keke mai saurin giya ya tsaya a cikin mita 4.57 daga gudun kilomita 24.

Ina ya kamata kuɗi su tafi? Na farko robar birki. Idan ta tsufa takan ƙandare ta yi santsi, a damina kuwa a kan rim ɗin ƙarfe irin na Phoenix da Raleigh kusan ba ta kamawa sai taya ta zagaya ta share ruwan. Rim ɗin alminiyam ya fi riƙo a jiƙe, amma ya fi tsada. Na biyu wayar birki: sabuwa mai kaurin milimita 1.6 ba ta cijewa kamar mai tsatsa. A daidaita roba ta tsaya milimita 1 zuwa 2 daga rim. Mai birkin faifai da ya sauya faifan daga mai milimita 160 zuwa mai 180 ya ƙara ƙarfi da kashi 12.5 cikin ɗari.

Kafin ruwa ya sauka, ka kai keken wurin mai gyara, ka ce ya fara da birkin gaba.