Bayani a Kan Rariyar Wasiƙun Banza

A yau cinikin riɗi da zoɓo da citta da masu saye na ƙasashen waje, akan ƙulla shi ta imel. Kamfanin da ke da imel nasa na kansa, akwai na'urar da ke karɓar masa wasiƙu, ana ce mata saba. A bakinta ake ɗora rariya mai tace wasiƙun banza, wato na 'yan talla da 'yan damfara.

Aikin rariyar nan awo ne. Kowace wasiƙa ta iso, sai a ba ta maki gwargwadon zargin da ke kanta. SpamAssassin, wadda ake samu kyauta, in ba a canja mata ba, wasiƙar da ta kai maki 5 ta zama abar zargi. Exchange na Microsoft kuwa daga 0 zuwa 9 yake aunawa. Amma abin da za a yi da wasiƙar bayan awo, wannan mai kamfani ne zai faɗa wa mai kula da na'urarsa. Hanyoyi biyar ne.

Ta farko, a sa mata alama a kanta, a bari ta wuce. Ta biyu, a jefa ta akwatin tarkace na mai wasiƙar. Ta uku, a tsare ta a wani rumbu dabam har a duba. Ta huɗu, a ƙi karɓarta tun a bakin ƙofa, mai aikowa ya sami sanarwa cewa ba ta shiga ba. Ta biyar, a goge ta shiru.

To, jama'a, ta biyar ɗin nan ita ce abar tsoro. Rariya tana kuskure, takan tare tsaba tare da tsakuwa. In odar tirela biyu ce aka goge, mai saye yana can yana jiran amsa, kai kuma ba ka da labari, har ya gaji ya nemi wani. Wadda aka ƙi karɓa kuwa, ko ba komai zai bugo waya.

Saboda haka shawara ita ce, mai ƙaramin zargi a sa mata alama ko a kai ta tarkace, matsakaiciya a tsare, mai tsananin zargi a ƙi karɓa. A wakilta yaro guda ya riƙa duba rumbun kullum da safe, domin ajiyar tana da wa'adi. Gmail kwana 30 yake yi ya share.

Abokan ciniki na amana a rubuta adireshinsu a jerin waɗanda aka yarda da su. Duk da haka ɓarawo yana iya aron sunansu. Wasiƙar da ta ce an canja lambar asusun banki, kada a tura ko sisi sai an kira mutumin a tsohuwar lambarsa an ji daga bakinsa.