Abin da ya kamata ku sani kan gem ɗin da aka yi wa kwaskwarima

Kamfanin Konami na Japan ya daina fitar da gem ɗin ƙwallo na PES a na'urar PSP tun bayan na 2014. Amma ku leƙa wayoyin samari a Nyanya ko Kubwa ko Gwagwalada, za ku tarar da PES "na bana", da sababbin riguna da 'yan wasan da aka saya a kakar nan, wani ma har da Kano Pillars da Enyimba a ciki. Ba Konami ne ya yi shi ba. Wasu matasa ne suka buɗe cikin tsohon gem ɗin, suka sauya fuskoki da sunaye da riguna, suka sake shi a intanet don a buga ta manhajar PPSSPP. Irin wannan aiki shi ake kira mod. Daga Telegram da YouTube yake bin wayoyi ta Xender, har ya sauka a teburin masu tura gem a Banex da ke Wuse 2.

Aiki ne mai cin ido da barci. Mutum zai kwana yana gyara tambarin riga ɗaya don ya zauna daidai a ƙirjin ɗan wasa. To amma komai kyansa, gini ne a filin wani, mutanen Abuja kuwa sun san yadda irin wannan gini ke ƙarewa ranar da masu rusau suka iso.

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, mai hedikwata a Abuja, ita ke kula da ita. A dokar, manhajar kwamfuta tana sahu ɗaya da littafi. Mai ita ne kaɗai ke da ikon kwafa, da rabawa, da sauya mata kama, ko ya ba wani izini. Dokar ta zo da abubuwa biyu da suka shafi masu mod kai tsaye. Ta haramta fasa makullin da kamfani ya sa wa kayansa don hana kwafa. Ta kuma ba mai kaya damar aika wa shafin intanet takarda a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, ita ma hukumar tana iya sa a toshe shafi.

"Ai kyauta nake yi, ko ƙwandala ban karɓa ba." Wannan ita ce amsar da aka fi ji, kuma ba ta wadatar ba. Gaskiya ne dokar ta yi sassauci a kan amfanin kai, da nazari, da sharhi, da kwaikwayo na barkwanci. Sai dai abin da mutum ya gyara a wayarsa shi kaɗai daban ne da abin da ya raba wa dubban mutane. A nan ƙasar kuma akwai ƙarin matsala: galibin mod ɗin da ke yawo ana haɗa shi ne da gem ɗin ɗungurungum a fayil ɗaya. Da an yi haka an bar batun kwaskwarima, an shiga satar fasaha, irin wadda 'yan Kannywood suka daɗe suna kuka da ita.

Manyan rigingimun a waje aka yi su. A watan Agusta na 2016 Nintendo ya sa aka sauke AM2R, wani sabon salon tsohon gem ɗin Metroid da wani masoyinsa ya shafe shekaru yana ginawa. A watan ne kuma masu Pokémon Uranium suka janye nasu bayan kimanin shekara 9 suna aiki. A 2021 kamfanin Take-Two, uwar Rockstar mai GTA, ya maka wasu masu gyara tsofaffin GTA III da Vice City a kotu a Amurka. Ku lura da lokacin: a Satumba aka shigar da ƙarar, a Nuwamba kamfanin ya fito da nasa sabon bugun waɗannan gem ɗin. Shi ma Nintendo ya saki nasa sabon Metroid ɗin a 2017. Kamfani kan yi shekaru yana kawar da kai, sai ranar da aikin masoya ya tsaya a gaban kasuwarsa ya tuna da lauya.

Kuɗi ma na jawo ido. Masu manhajar Yuzu, wadda ke ba da damar buga gem ɗin na'urar Switch ta Nintendo a kwamfuta, suna karɓar gudummawar wata-wata daga mabiyansu. Nintendo ya kai su ƙara a farkon 2024, a watan Maris suka amince su biya dala miliyan 2.4 su kuma rufe.

Ba duk kamfanoni ne haka ba. Counter-Strike mod ne na Half-Life da wasu matasa biyu suka fara a 1999, kamfanin Valve mai Half-Life ɗin ya ɗauke su aiki. Shi kansa Take-Two ya taɓa ja da baya a 2017, da 'yan wasa suka yi masa ca bayan ya nemi rufe OpenIV, manhajar yi wa GTA mod. Daga nan Rockstar ya ce galibi ba za a bi masu mod na wasan mutum ɗaya ba, matuƙar ba kasuwanci suke yi ba. A 2023 ma ya sayi masu mod ɗin FiveM, waɗanda a da ya kora. A ganina wannan alfarma ce kawai, mai bayarwa na iya janye ta gobe.

Ga matashin da ke Abuja, abin da ya fi kusa da shi ba sammacin kotu ba ne. Shafinsa ne. YouTube na rufe tasha baki ɗaya idan gargaɗin haƙƙin mallaka ya kai 3 cikin kwana 90, mabiya da bidiyoyi da ɗan kuɗin talla duk su tafi tare.

Don haka idan kana wannan sana'a, raba gyaran da ka yi kawai, kada ka haɗa shi da gem ɗin. Kada ka sa masa farashi, kada ka ɓoye shi bayan shafin talla. Waƙar wani mawaƙi da ka saka a ciki ita ma tana da mai ita. Karanta ƙa'idar da kamfanin ya fitar kan mod kafin ka fara, kuma idan takardar gargaɗi ta zo, sauke abin tukuna sannan ka nemi lauya. In kuwa hannunka ya faɗa har kana zana fuska da filin wasa da kanka, manhajar Godot kyauta ce. Gem ɗin da ka gina da ita daga tushe naka ne, dokar nan kuma za ta kare shi ko ba ka yi masa rajista ba.